Tsufa da Asali: Nazari a kan Zaɓen Tsohon Teburin Falo a Ƙasar Yawuri

1.0 Gabatarwa

Daga cikin kayan ɗakin da Bahaushe ya aro a ƙarni na ashirin, kaɗan ne suka samu mazauni mai daraja kamar ɗan gajeren teburin nan da ake girkewa a tsakiyar falo, wanda kafintoci da masu saye suke kira santa-tebur. Shi baƙo yake fuskanta idan ya zauna, a kansa ake ajiye masa ruwa da goro, a kansa kuma mai gida yakan ɗora abin da yake so a gani. A Turai da Amurka an daɗe ana yayin neman tsohon tebur domin cike wannan gurbi, har akwai dillalai da mujallu waɗanda aikinsu ke nan, koya wa mai saye yadda zai zaɓa. Hotunan wannan yayi yanzu suna isa ko'ina ta wayar hannu, shawarwarin da ke biye da su kuwa kusan iri ɗaya ne: a duba tsayi, a duba irin itacen, a duba ko launinsa ya dace da na kujeru.

Manufar wannan maƙala ita ce a auna waɗannan shawarwari da ma'aunin wani yanki guda, watau masarautar Yawuri, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Yawuri da Ngaski da Shanga, a gaɓar Tafkin Kainji cikin Jihar Kebbi. An zaɓi wannan yanki ne saboda tarihin kayan gidansa ya tsage biyu a shekara ɗaya, 1968, lokacin da ruwa ya ci tsibirai da garuruwan bakin kogin Kwara. Za a nuna cewa a irin wannan wuri yawan shekaru ba ya isa ya zama ma'auni. Abin da ke ba tsohon katako daraja shi ne asalinsa, watau sanin wanda ya sassaƙa shi, da garin da aka yi shi, da aikin da aka yi shi dominsa, da sunan da masu shi suke kiransa. Mai zaɓen da ya yi watsi da wannan yana iya samun falo mai kyau, amma ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa.

2.0 Tebur da Falo a Harshe da Al'ada

Kalmomin nan biyu, tebur da falo, duka aro ne daga Ingilishi. Yadda Hausa take sarrafa ta farkon yana nuna ƙofar da ta shigo. Ana ce wa ƙaramin ɗan kasuwa mai kasa ashana da sabulu da alewa a bakin hanya "mai tebur". Ana maganar "teburin mai shayi". A ofis kuma akan ce takarda tana "kan teburin" wane idan tana jiran sa hannunsa. Duk waɗannan wuraren ciniki ne da na aiki. Da wuya a ji tebur cikin tsofaffin karin magana, alhali kuwa tabarma da turmi da akushi da ƙwarya sun cika su: tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, ƙwarya kuma ƙwarya take bi.

Dalilin haka a fili yake. A tsarin gidan Bahaushe na gargajiya, ƙasa ita ce tebur. A zaure ake karɓar baƙo, a shimfiɗa masa tabarma ko buzu ko darduma gwargwadon matsayinsa. Idan abinci ya zo, a akushi yake zuwa, rufe da faifai, a ajiye shi ƙasa a tsakanin masu ci. Tsayin abin zama shi ke nuna daraja ko aiki: sarki a kan karaga, malami a kan buzu, mace mai girki a kan kujera 'yar tsugunno. Tsakiyar zaure kuwa fili ne, domin hanya ce ta masu shiga gida, nan ne kuma mai gaisuwa yake durƙusawa.

Da falo ya zo da kujerun kushin jere a jikin bango, sai wannan fili ya samu mai zama. Amma al'adar ba ta miƙa wuya gaba ɗaya ba. A gidaje masu yawa, da zarar an kawo tuwo, ko lokacin salla ya yi, ko mata sun taru don suna ko biki, sai a ja teburin gefe a shimfiɗa tabarma. Ashe ke nan santa-tebur a falon Bahaushe baƙo ne da ake tayarwa sau da yawa a yini. Wannan shi ne aibin farko na shawarwarin da aka aro: an rubuta su ne domin ɗakin da teburinsa ba ya motsi. Suna yaba nauyi da faɗi, suna ƙayyade tsayi daidai da mazaunin kujera, watau wajen santimita 40 zuwa 45, ba su kuwa san da mai zama a ƙasa ba, ko yaron da za a ce ya ɗauke teburin shi kaɗai.

3.0 Ma'anar "Tsoho" a Wajen Kaya

A Hausa, tsufa daraja ce ga mutum, amma ga kaya yawanci aibi ne. Ana cewa "tsohon yayi", ana cewa "gwanjo", ana cewa "tarkace" da "komatsai". Ɗakin amarya da sabo ake cika shi, kuma uwar da ta kai wa 'yarta tsohon gado ta san za ta sha surutu. Inda harshen yake girmama tsohon abu, wasu kalmomi yake amfani da su: "kayan gado", "kayan tarihi", "na kaka da kakanni". Idan aka lura, ba ɗaya daga cikinsu da take ƙidayar shekaru. Kowacce tana nuni ne ga mutane ko ga wani abin da ya faru. Ko karin maganar nan da ke cewa da tsohuwar zuma ake magani, amfanin zumar take yabo.

Ma'aunin Turawa dabam yake. A wajensu abu yana shiga sahun kayan da idan ya cika shekara ɗari, wanda bai kai ba kuma yana da nasa sahun na ƙasa da wannan. Wannan iyaka a ofishin kwastan ta yi ƙarfi. Dokar harajin kaya ta Amurka ta 1930 ta yafe haraji ga kayan da aka yi kafin 1830, sa'an nan a 1966 aka mayar da sharaɗin ya zama shekara ɗari daga ranar da aka shigo da kayan. Ma'auni ne na mai karɓar haraji da na dillali, an kuwa yi shi ne domin ƙasashen da kayan katakonsu suke da rasit da tambarin maƙeri.

Wani abin lura shi ne, shi kansa gajeren teburin falo yaro ne ko a Turai. Teburin da E. W. Godwin ya zana a Ingila a 1868, wanda aka sayar da sunan teburin shan kofi, dogo ne, tsayinsa ya kai wajen inci 27. Gajeren da aka sani yau ya bazu ne a shekarun 1920 da 1930, bayan kujerun falo sun yi ƙasa. Shahararren teburin Isamu Noguchi mai saman gilashi, kamfanin Herman Miller ya fara fitar da shi a 1947. Saboda haka da yawa daga cikin abin da ake sayarwa da sunan tsohon teburin falo, wani abu ne dabam aka juya: dogon tebur da aka datse wa ƙafafu, ko adaka, ko ƙyauren ƙofa. Daga Afirka ta Yamma kuma dillalai sun daɗe suna kai gadajen katako na Senufo da kujerun Nufawa masu ƙafafu da yawa, ana ɗora musu kofi da mujallu. Wanda ya nemi "tsohon tebur" a ƙasar Yawuri, ko ya sani ko bai sani ba, kan wannan hanya ya hau.

4.0 Shekarar 1968 a Matsayin Iyaka

Yawuri tsohuwar daula ce, tana kan hanyar fatauci da ta haɗa ƙasar Hausa da Gwanja, kamar yadda Mahdi Adamu, wanda shi kansa ɗan wannan ƙasa ne, ya bayyana a bincikensa na 1968 a kan Yawuri ta ƙarni na sha tara, da kuma littafinsa na 1978 a kan tasirin Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma. Tsohuwar hedkwatarta ita ce Birnin Yawuri, kafin sarauta ta zauna a Yelwa a zamanin Sarki Abdullahi Abarshi, a ƙarshen wannan ƙarni na sha tara. Al'ummominta sun haɗa da Gungawa, mazauna tsibirai, waɗanda suka shahara da noman albasa da su, da Sarkawa masunta, da Kambari, da Dukkawa, da Shangawa, da Lopawa. Ga mutanen ruwa, itace shi ne rabin rayuwa: kwalekwale da filafilinsa, turmi da taɓarya, akushi da muciya, kujera da ƙyaure, duka daga hannun masassaƙi suke fitowa.

An gina madatsar Kainji tsakanin 1964 da 1968. Da aka rufe ta, tafki ya taru mai tsawon kusan kilomita 136, ya miƙe har zuwa wajen Yelwa. Kimanin mutum 44,000 aka tayar daga garuruwansu a ɓangarorin Yawuri da Borgu, tsohuwar Busa ta nutse, tsibirai masu yawa suka ɓace. An gina wa waɗanda aka tayar sababbin gidaje na bulo masu rufin asbestos, bisa zanen Robin Atkinson. Kafin ruwa ya iso, masana kayan tarihi, cikinsu har da David Breternitz, sun yi haƙa cikin gaggawa domin ceton abin da ke binne a ƙasa. Amma abin da ke bisa ƙasa, watau ɗakunan laka da rumbuna da zaurukan da ake zama, ruwa ya narkar da su. Abin da ya tsira daga wannan rayuwa shi ne abin da mutane suka iya ɗorawa a jirgi ko a mota, da abin da suka riƙe a ka.

A nan ma'aunin shekara ɗari yake faɗuwa. Kujerar da aka sassaƙa a wani tsibiri a 1955 ba ta cika ɗari ba, kuma idonta ba lalle ya bambanta da na wadda aka sassaƙa bara ba. Duk da haka shaida ce ta wurin da ba mai sake taka shi. Kufai na tudu ana iya ziyartarsa: ganuwar Birnin Yawuri tana nan ana gani, haka ta Surame a tsohuwar ƙasar Kabi. Kufan tsibiran Kwara kuwa suna ƙarƙashin ruwa. Saboda haka, ga wannan yanki, tambayar da ta fi "shekarunsa nawa?" amfani ita ce "kafin ruwa aka yi shi, ko bayan ruwa? Idan kafin ruwa ne, daga wane gari ya fito?"

Akwai kuma ɓangaren harshe. Frank Salamone, wanda ya yi bincike a Yawuri a farkon shekarun 1970, ya nuna yadda Gungawa suke rikiɗewa su zama Hausawa. Harshen Shanga, wanda yake cikin dangin Mande, masu jinsa sun ragu ƙwarai, mafi yawan Shangawa Hausa suke yi. Kowane kayan gida yana da suna a harshen waɗanda suka yi shi, sau da yawa har da sunayen sassansa da na itacen da ya dace da shi. Ranar da aka ɗauke wannan abu daga gidansa aka kira shi "tebur", suna ɗaya ya rasa abin da zai rataya a kansa.

5.0 Ire-iren Tsofaffin Tebura

Abin da mai nema zai iya samu a wannan yanki da sunan tsohon tebur ya kasu kashi uku, kuma kowane kashi hukuncinsa dabam.

5.1 Aikin Kafintan Da

Kashi na farko shi ne teburin da aka yi shi tebur tun asali, daga hannun kafintocin da suka koyi sana'a a ma'aikatar ayyuka ta gwamnati ko ta En'e, kafin a rushe tsarin En'e a 1976. Irinsa ne ake gani a tsofaffin gidajen saukar baƙi da gidajen malaman makaranta da na ma'aikata. Katako ne tsantsa, sau da yawa maɗaci ko loko, kuma an haɗa ƙafa da jiki ta hanyar fafe gurbi a ɗaya a cusa harshen ɗayan, ba a dogara da ƙusa kaɗai ba. Ba shi da ado mai yawa. Kyansa yana wajen daidaito da kuma cewa ya riga ya sha hunturu da damina na shekara hamsin ko fiye, duk tsukewa da kumburin da zai yi ya gama. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da iska take bushewa ƙayau a watan Janairu ta kuma cika da laima a Agusta. Tsohon teburin da aka shigo da shi daga Turai, mai siririn ɓawon itace manne a samansa, hunturu ɗaya ko biyu kan isa su ɗaga wannan ɓawo.

Wannan kashi shi ne mafi dacewa da falo. Ba a raba shi da aikinsa ba, ana iya gyara shi, kuma mallakarsa ba ta kayar da sabuwar bishiya. Batu na ƙarshen nan yana da nauyi yanzu, domin sarar madobiya don fitarwa zuwa Sin ta yi tsanani har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES take taƙaita cinikinsu daga 2017, sa'an nan a 2018 aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya.

5.2 Teburin Zamanin Udoji

Kashi na biyu shi ne na shekarun 1970, musamman bayan kuɗin Udoji na 1975 sun shiga hannun ma'aikata, aka rinƙa sayen kujerun kushin da rediyo da babur. Teburin wannan zamani yawanci na katakon liƙe ne, watau falle-fallen itace da aka manne da gam, irin wanda masana'antar Sapele ta daɗe tana fitarwa, an lulluɓe samansa da Formica, ƙafafunsa sirara masu karkata waje. Masu ɗanɗanon Turai sukan raina shi, alhali a can ma irinsa ya koma yayi. Gaskiya ne ba shi da ƙarko, ruwa yana kumbura gefensa, gara kuma ba ta jin nauyinsa. Amma shi ne ainihin santa-tebur na farko a gidaje da yawa, kuma ba ya nauyi, yaro yana iya ɗauke shi idan an kawo tuwo. Wanda ya gaje shi daga mahaifinsa, ya kuma san da wane albashi aka saye shi, yana riƙe da tarihin da ya fi na wanda ya sayo baƙon katako mai tsada.

5.3 Juyayyen Kaya

Kashi na uku shi ne wanda ya fi jan ido ya kuma fi haɗari: a ɗauki ƙyaure, ko turmi, ko kujerar sassaƙa, ko katakon tsohon jirgi, a yi masa ƙafafu ko a ɗora masa gilashi. A Zanzibar da Lamu da Bali, yin kayan ɗaki da katakon tsofaffin jiragen ruwa sana'a ce da ta kafu. Gaɓar Kainji, inda jiragen katako suke tsufa kullum, tana da duk abin da wannan sana'a take bukata.

Ya kamata a rarrabe a nan. Katakon jirgin da ya gama aiki, wanda in ba haka ba murhu zai shiga, ba laifi a yi tebur da shi, muddin an bar masa ramukan ƙusa da tabon kwalta da facin da aka yi masa, domin su ne rubutunsa. Kafintan da ya goge su ya shafe shi da man ƙyalli, ya mayar da shi katako kamar kowane katako. Amma kujerar da tsohuwa take zama a kanta, ko turmin da ake daka a cikinsa, ko ƙyauren da aka ciro daga gidan da ruwa ya ci, waɗannan ba su gama aiki ba. Juya su yana bukatar zarto da ƙusa, kuma abin da zarto ya datse ba ya komawa. Bayan wannan akwai maganar ladabi. Turmi a ƙasar Hausa ba abin wasa ba ne, har tarbiyya ta hana yara zama a kansa. Kifa shi a tsakar falo a ɗora masa tokar sigari ko ƙafa, abu ne da mai gidan da aka sayo shi ba zai so ya gani ba. Kome daɗewar gungume a ruwa ba ya zama kada, haka kome daɗewar turmi a falo, turmi ne.

6.0 Tsufan Gaskiya da na Ƙarya

Duk inda tsufa ya zama kuɗi, sai an samu masu ƙera shi. Christopher Steiner, a littafinsa na 1994 a kan cinikin kayan sassaƙar Afirka, ya yi nazarin dillalan Abijan, waɗanda da yawansu Hausawa ne, ya kuma bayyana yadda ake tsufar da sabon sassaƙa da hayaƙi da rini da ƙasa domin ya gamsar da mai saye. Wannan ya shafi mai karatun wannan mujalla ta fuska biyu: sana'ar tana gudana da Hausa, kuma dabarunta suna iya dawowa gida.

Akwai alamomin da suke taimakawa. Sawun gizago ba ya zuwa daidai da juna, sawun zarton inji kuwa layuka ne masu tazara iri ɗaya. Itace yana tsukewa ne ta faɗinsa fiye da ta tsawonsa, saboda haka saman tebur mai da'ira da aka yi da katako tsantsa, idan ya tsufa, awonsa ta gefe ɗaya yakan gaza na ɗaya gefen da ɗan kaɗan. Sulɓin gaskiya yana inda hannu da ƙafa suke taɓawa, watau gefuna da sandar ƙasa da gindin ƙafafu. Sulɓin da ya mamaye ko'ina daidai wa daida na takardar goge katako ne. Ƙarƙashin tebur, inda ba a shafa kome ba, ya kamata ya yi duhu bai ɗaya, sabon yanka kuwa fari yake fitowa. Ƙusar maƙera mai kusurwa ta girmi ƙusar kanti mai zagaye, sukuru mai kan gicciye kuma bai wuce shekarun 1930 ba. Idan aka ga garin itace yana zubowa daga ƙananan ramuka, ƙwaron yana ciki da ransa, zai kuwa bi sauran kayan ɗaki.

Sai dai duk waɗannan alamomi tsufa kawai suke tabbatarwa, kuma ƙwararren maƙaryaci ya san su kamar yadda mai saye ya san su. Abin da ke da wuyar ƙerawa shi ne silsilar hannuwan da abu ya bi, domin ana iya komawa a tambayi kowane mutum a cikinta. Turawa sun san wannan sarai game da kayansu. Mungo Park ya mutu a Busa a 1806, bayan ya wuce ta Yawuri. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka yi makonni a Yawuri suna neman takardunsa, ba su samu ba. Abin da aka nuna musu a Busa wani tsohon littafi ne na jadawalin lissafi. Littafin ba shi da wani kyau, kuma irinsa ba su da wuyar samu a Ingila. Darajarsa duka tana wajen wanda ya riƙe shi. Abin mamaki shi ne, kasuwar da take biyan kuɗi mai yawa domin sunan mai abu idan na Bature ne, ita ce take karɓar kujerar Afirka da sunan ƙabila kawai, ba sunan masassaƙi ba na gari.

7.0 Abin da Doka ta Bari

Dokar Nijeriya mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana saye da sayar da kayan tarihi sai ta hannun wanda aka ba izini, ta kuma hana fitar da su waje ba tare da takarda ba. A ma'anarta, aikin hannu na gida yana zama kayan tarihi idan an yi shi kafin 1918, ko kuwa idan yana da muhimmanci kuma an yi amfani da shi a wani bikin gargajiya. Mai saye ya kamata ya san wannan, don kada ado ya kai shi ga laifi. Amma mai nazari ya kamata ya lura da giɓin da ke ciki. Kayan gida na yau da kullum da aka yi a tsibiran Kwara tsakanin 1918 da 1968, shekara hamsin cif, ba su cika sharaɗin farko ba, yawancinsu kuma ba su cika na biyu ba. Su ne kuwa mafi yawan abin da ya tsira, domin itacen da ake aiki da shi kullum a ƙasar gara da wuya ya wuce ƙarni. Abin da zai kare su, in akwai, shi ne sanin masu su da kunyar masu saye.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata ana iya tsamo ƙa'idoji kaɗan. Wanda yake son tsohon tebur a falonsa, ya fara neman wanda aka yi shi tebur, mara nauyin da zai hana a ture shi idan an shimfiɗa tabarma. In kuwa juyayyen kaya ne ya ba shi sha'awa, ya tsaya a kan wanda ya gama aikinsa, kada ya sa zarto a wanda yake da rai a gidansu. A kowane hali, kafin ya biya ya tambayi suna da gari da aiki, ya rubuta amsar a takarda ya manna ta a ƙarƙashin teburin. Dillalin da ya kasa ba da amsa, kayansa katako ne, a kuma saye shi da kuɗin katako.

Ga malamai da ɗaliban harshe da al'ada kuwa, aikin ya fi haka girma. Wanda yake da shekara goma sha biyar a 1968 yanzu ya haura saba'in. Waɗannan ne mutane na ƙarshe da za su iya ɗaga kujera su ce a tsibiri kaza aka sassaƙa ta, da itace kaza, sunanta kaza a harshen Gungawa ko Kambari ko Shanga. Ɗalibin da yake neman batun digiri a Sakkwato ko Birnin Kebbi ko Kano zai iya bin garuruwan da aka tsugunar, daga Yelwa zuwa Wara, gida gida, yana ɗaukar hoton kayan katakon da suka ƙetaro ruwa, yana rubuta sunayensu da na masu sassaƙa su. Aiki ne da ba ya bukatar kuɗi mai yawa, kuma ba ya raba kowa da kayansa. Lokacin yinsa ne kawai yake ƙurewa.